Ranar da Hajiya ta sauko kafet

Wata biyu na yi ba na iya waiwaye. In an kira ni ta baya sai na juya gaba ɗayana. Bayana kuma daga kafaɗa zuwa ƙugu kamar an ɗaure shi da waya. Kitso nake yi, gida-gida, daga Giginyu nake hawa adaidaita zuwa Nassarawa. A can akwai wata Hajiya da nake wa kitso duk sati biyu, ga bikin 'yarta saura kwana tara, kawuna goma sha huɗu aka ba ni. In na kasa, wata za a kira, kuma wadda aka kira a biki ita ke zama mai kitson gidan.

Na shafa man zafi, na sha magani, an taka mini baya. Banza. Yayata da ke aikin jinya ta ba ni lambar wata likitar ƙashi, ta ce tana ba da shawara ta waya. Na kira sau uku ba a ɗauka ba, na ce wannan ma 'yar rainin hankali ce.

Sai ta kira ni ina tsaka da kan Hajiya. Ita Hajiya a kan doguwar kujerar falonta take zama tana kallon talabijin, ni ina tsaye ta baya, a sunkuye. Haka na tarar ana yi a gidan. Wa zai ce wa matar Alhaji ta zauna a ƙasa, ke sa'ar 'yar cikinta kina sama? Na maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannuna bai tsaya ba.

Ni so nake likitar ta faɗi sunan ƙwaya in saya in huta. Ita kuwa tambaya take ta yi. Na faɗi ne? Yatsuna suna mutuwa? Ina zazzaɓi? Duk na ce a'a, ina ta ƙosawa. Ta tambayi sana'ata, da awa nawa nake yi a kai ɗaya. Sai ta ce:

"Ƙanwata, yanzu da me kika riƙe wayar?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya, ta ce in sa ta a sifika in ajiye, ba za ta yi magana da ni ina ƙara wa wuyana ciwo ba. Na ajiye a hannun kujera, daidai kunnen Hajiya, ban yi tunanin komai ba.

Likitar ta koya mini yadda zan ja haɓa ciki in riƙe, in ɗaga kafaɗa in saki, in dinga miƙewa duk rabin awa, in ɗora ruwan ɗumi a tsumma. Ta ce in yatsu suka fara mutuwa ko hannu ya yi sanyi, babu zancen waya, in zo asibiti. Sannan ta ce:

"Amma duk wannan aikin banza ne in kina sunkuyo. Ke ki hau kujera, wadda ake wa kitson ta zauna a ƙasa. Ko wace ce."

Na kai hannu zan kashe, na makara. Na riga na ga kawuna goma sha huɗun nan a hannun wata.

Hajiya ta ɗauki wayar da kanta. Ta ce, Likita, ita fa gwiwa ce ke damunta, in ta zauna ƙasa wa zai tashe ta? Suka yi minti goma a kan gwiwarta, ni ina tsaye da rabin kitso a hannu.

Da ta gama ta dube ni ta ce, "Ke da bakinki kamar reza, wata biyu ba ki iya faɗa ba?" Ta sa na ɗauko filo biyu, ta dafa ni ta sauka kafet tana salati.

Na zauna a bakin kujerar, ban yarda na jingina ba. Har na gama kan ina kallon ƙofa, kada Alhaji ya shigo.