Katin Asibitin Ladi

Jiya ɗakina ya yi yoyo, sai na janye akwatin ƙarfen marigayi Baba. Ina buɗewa, warin aidin ya buge ni. Ƙarƙashin takardar sallamarsa daga yaƙin Bama na tarar da katin asibitin ƙanwata Ladi, naɗe cikin farin ƙyalle.

Baba ne ke duba marasa lafiya a ƙauyukan Birnin Gwari. Ba ya taɓa majinyaci sai ya murza tafukansa sun yi ɗumi.

Shekarar da ƙyanda ta shiga Dogon Dawa, aka zo kiransa. Ladi na kwance da zazzaɓi. Ya dafa goshinta, ya ce da sauƙi, ya hau keke ya shiga daji. Bayan kwana uku ya dawo, an riga an binne ta.

Ya jingine keken, ya tsuguna a gabana.

"Hajara, ta neme ni?"

"A'a, Baba. Barci kawai ta yi."

Ƙarya na yi masa. Shi ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Har ya rasu ban faɗa masa ba.

Allah Ya yafe mini, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da ita a Aljanna.