Mai Hawa da Jini a Ƙanƙara

A ƙasa samari ke tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina, ana ɗibar jininsu don auna sinadaran da gajiya ke haifarwa. Na'urar awon kuwa tana can hawa na uku. Tsakaninsu akwai wata mata mai jiki, sanye da farar riga, rungume da kwanon ƙanƙarar da ake sa jinin a ciki. In jinin ya ɗumama, gumin samarin ya tashi a banza, don haka bibbiyu take haɗa matakala. Da gani, a gida ma ita ake aika.

Yau ma ta kai shi da sanyinsa, tana murmushi. Likitan da ke awon ya ɗago daga kujerarsa.

"Yaya, wannan haki haka! Ki riƙa motsa jiki."

"In na samu lokaci, likita."

Ta juya ɗauko na gaba.