Kunnen Inna Mai Raino

Duk matan layin da ke fita aiki, babu wadda ba ta taɓa ajiye ɗa a gidan Inna Mai Raino ba. Wasu ma da ta goya su ne yau ke kawo mata nasu. Abin da ta fi kowa da shi kunne ne. Yara na tsala ihu a falo, ita tana kicin tana wanke-wanke, za ta ce maka wannan ɗan tela ne, yunwa yake ji. Waccan kuwa 'yar nas ce, rigima ce kawai irin ta uwarta.

To, tsufa ba ya sallama. Ba kurumcewa ta yi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. In ku biyu ne a ɗaki, za ta ji ka sarai. Amma fanka na juyawa, famfo na zuba, yara suka haɗa baki, sai komai ya dagule mata kamar ruwan wanki. Likita ya ce kunnen yana ji, tsamo murya ɗaya cikin hayaniya ne ya gagare shi. Na'urar da ɗanta ya sayo mata ƙara hayaniyar ta yi, ta jefa ta a durowa. Ta koma kallon bakin yara, ta ja bakinta ta yi gum. Tsoro take ji: in iyaye suka sani raino ya ƙare, ita kuwa ba ta san wata rayuwa ba.

Ranar da asiri ya tonu, tana jijjiga ɗan tela, ƙofa ta datse yatsan jikanta a bayanta. Kukan na shiga kunnenta, ta ɗauka duk na yaron hannunta ne. Surukarta ce ta shigo ta zare yatsan, farce har ya yi baƙi.

Surukar ba ta ɗaga murya ba. "Inna, kina ɗakin fa."

"Na ji kukan," in ji Inna. "Ban gane nasa ba ne."

Ba wanda ya zage ta. Kowace uwa dai da uzurinta: wannan ƙanwarta ta zo zama, waccan an canza mata wurin aiki. Jikan ma aka kai shi wani gidan.

Yanzu da safe takan share falon, ta kashe fanka, ta zauna tana kallon ƙofa. Gidan tsit. Yau da yaro ɗaya zai yi kuka, da ta faɗi abin da ke damunsa, amma ba mai kawowa.