Tafsirin da Na Ajiye a Ɗakin D

Shekara goma sha tara ina gyaran kwamfuta a wani layin shaguna da ke bayan Kasuwar Wuse, kuma a aji huɗu na firamare na tsaya. Turanci ba karanta shi nake ba, gane shi nake yi, yadda mutum yake gane fuskar ɗan unguwarsu bai san sunansa ba. Na san kalmar da in ka danna aiki zai tafi, na san wadda in ka danna ka shiga uku. Da wannan na ci, na aurar da 'ya'ya biyu, na kama ɗaki a Mpape inda hawan tudu ya gama mini da gwiwa.

A layinmu magani ɗaya ne, fomat. Kwamfuta ta yi nauyi, fomat. Ta ƙi tashi, fomat. A goge komai a zuba sabon sistem, wato manhajar da kwamfuta ke tashi da ita, mutum ya ɗauki abarsa ya tafi. Don kada a riƙa dawo mana da kukan hotuna da takardu, muna da wata dabara da kowa ya gada daga ogansa. Faifan da ke cikin kwamfuta, wanda komai ke zaune a kansa, sai mu raba shi gida biyu, ɗaya C, ɗaya D. Sistem a C, kayan mutum a D. Mu ce masa ko sau goma aka yi fomat, abin da ke D ba zai motsa ba. Kuma gaskiya ne. Abin da ba ma faɗa, wasunmu ma ba su taɓa tunaninsa ba, shi ne ɗaki biyu ne a gida ɗaya. In rufi ya rufto, duka zai danne.

Kowannenmu yana da tarin filashi da yake ɗaurawa a igiyar takalmi. Wannan na tsohon sistem, wannan na sabo, wannan na wanke bairos. Nawa guda bakwai ne, kowanne na naɗa masa salatif na yi masa alama da biro. Da ido ya fara gajiya sai na fara rikita su. Wata rana na ga wani bidiyo a waya, wani mutum yana zuba sistem kala-kala a filashi ɗaya. Ban ji abin da yake cewa ba, hannunsa na bi. In ya danna in tsayar da bidiyon, in danna nawa, in sake shi ya ci gaba. Kwana uku na yi a kai. Da fari ka saka wa filashin wata 'yar manhaja, ita kuma sai ta goge duk abin da ke cikinsa, wannan na koye shi da asarar filashi guda mai cike da kayan aiki. Bayan nan sai ka jefa sistem ɗin ciki ɗaya bayan ɗaya kamar kana zuba kaya a buhu. In ka soka shi a kwamfuta ka kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓi kafin ta farka, sai jeri ya fito, ka ɗauki wanda kake so.

Abu huɗu na zuba. Tsohon sistem, sabo, da wani ɗan ƙarami da yake tashi daga cikin filashin kansa bai taɓa faifan kwamfuta ba, sai kuma wani mai baƙin allo wanda aikinsa ya kwashe faifai ɗungurungum ya juye a wani.

Maƙwabcina a layin Bayarabe ne, haihuwar Sabon Garin Kano, ya fi ni Hausar zagi. Da na nuna masa sai ya ƙyalƙyale.

"Oga furofesa," ya ce, "ka tara matanka huɗu a ɗaki ɗaya. Ranar da ya ɓata ina za ka kwana?"

"A shagonka," na ce.

"Wannan baƙin allon fa, wa zai karanta maka? Kai da ko rasit sai ka juya shi sau biyu."

Bai kuwa yi ƙarya ba.

Saura kwana tara azumi Alhaji ya zo. Tsohon ma'aikacin ma'aikatar tarayya ne, Bazazzage, ya yi ritaya ya koma wani ɗan gida a unguwar Gudu. Na san shi da daɗewa, ni na saka masa sistem a laftof ɗinsa shekarun baya. Ya sauko daga tasi rungume da ita a cikin jakar sallaya, ya ajiye a kan teburina a hankali kamar mai ajiye jariri.

"Malam, ta ƙi tashi tun shekaranjiya."

Na kunna. Allo ya yi haske ya tsaya. Na kara kunnena a jikinta, na ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango mai ciwo. Duk mai wannan sana'a ya san wannan ƙarar. Faifai ne yake mutuwa.

"Me ke ciki, Alhaji?"

Sai ya zauna a bencina ya ba ni labari. Mahaifinsa malami ne a Zariya, duk azumi yana tafsiri a masallacin ƙofar gidansu. Wata shekara, Alhaji yana saurayi, shi ne mai jan baƙi, yana karanto aya mahaifin yana fassarawa, aka ɗauki karatun a kaset tun daga ranar farko har rufewa, zama ashirin da tara. Bayan rasuwar tsohon sai abin ya zame musu al'ada, duk azumi bayan la'asar a taru a falo, 'ya'ya da jikoki, a saurari zama ɗaya. Da kaset suka fara cinyewa ya sa aka juye su a kwamfuta.

"Kaset ɗin fa?"

"Ruwa ya shiga kwalin lokacin tashinmu zuwa Gudu. Na zubar. Ban damu ba, tunda suna D." Ya dube ni. "Ai kai ka ce mini abin da ke D ba ya motsi."

Ni na faɗa masa. Na tuna ranar, har da yadda na buga ƙirji.

Maƙwabcina ya leƙo, ya kara kunne shi ma, ya taɓe baki. "Baba, wannan ya tafi. A sa sabon faifai, a yi fomat, gobe ka zo ka ɗauka."

"Karatun fa?" Alhaji ya tambaya.

"Sai haƙuri, Baba."

Alhaji ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Alhaji, zan faɗa maka gaskiya. Abin da na gaya maka shekarun baya rabin magana ne. C da D faifai ɗaya ne, kuma shi ne yake mutuwa. Laifina ne. Ka ba ni kwana biyu. Ban yi maka alkawari ba."

"Kwana biyu," ya ce. "To."

Na kashe laftof ɗin nan take, don faifai mai wannan ƙarar duk juyin da ya yi ƙarasa kansa yake. Na shiga kasuwa na samo faifan waje, sabo, wanda ya ninka nasa girma. Washegari na sauko daga Mpape da motar farko, na buɗe shago kafin layin ya cika da hayaniya.

Na soka filashina, na soka sabon faifan, na kunna, na yi ta dukan maɓallin zaɓi. Jerin ya fito, abu huɗu. Da igiyar takalmina ta dā ce, da babu abin da zan yi sai fomat, don duk filashin da ke jikinta na gogewa ne da zubawa. Na sauka kan na huɗu, mai baƙin allo.

Nan ne wurin hatsarin. Wannan abin bai san C ba, bai san D ba. Wasu haruffa yake ba faifan, kusan iri ɗaya, sai ya tambaye ka wanne za a kwasa, wanne za a zuba wa. In ka juya su, zai ɗauki faifan da babu komai ya shafe mai kayan da shi, kuma ba zai ce maka ka tabbata ba sai sau ɗaya, da Turancin da ba na ji. Na daɗe ina kallon allon. Maƙwabcina ya iso, ya tsaya a bayana da kofin shayi.

"In karanta maka?"

"Karanta."

Ya sunkuya, ya motsa baki, ya miƙe. "Wannan ba Turancin mutane ba ne."

Haruffa sun fi ƙarfina, amma lamba ba ta taɓa ruɗa ni ba. A gefen kowane faifai akwai girmansa. Na Alhaji ɗari biyar, sabon dubu. Na yanko salatif na manna a gefen allo, na rubuta ɗari biyar, na ja kibiya zuwa dubu. Na duba allo, na duba salatif, sau uku. Na yi bisimilla na danna.

Lamba ta fara tafiya. Ɗaya, biyu, biyar. Kyawun wannan abin shi ne ba ya gardama da wurin da ya lalace. In ya iske inda faifan ya ƙi karantuwa sai ya tsallake, ya kwashi mai kyau tukuna, daga baya ya dawo ya lallaɓa. Na ɗora laftof ɗin a kan bulo biyu don iska ta shiga ƙarƙashinta, na juya mata fankata, ni na zauna cikin zafi.

Wajen azahar, ana kan sittin da wani abu cikin ɗari, aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin Alhaji tsoho ne, na san ba zai kai minti goma ba. Janaretana kuwa tun makon jiya yake wurin mai gyara. Na leƙa shagon maƙwabcina.

"Ja mini wayar wuta daga janaretanka."

"Furofesa ba shi da janareta?"

"Ja mini waya, don Allah, ka yi zagin daga baya."

Ya ga fuskata, ya ajiye wasa. Ya ja igiyar janaretansa sau huɗu kafin ya kama, ya wurgo mini waya ta saman katangar katako, ya cire firijinsa na lemo don kada nauyi ya yi yawa. Na soka caja fitilar batiri ta riga ta yi ja. A shago na yi azahar, a shago na yi la'asar, ina sallama ina waiwayen allo, Allah Ya yafe mini.

Kafin a rufe layi mai baƙin allon ya gama. Ya nuna akwai ɗan wurin da ya gagara, kaɗan ne ƙwarai. Tsohon faifan ya yi ƙas ɗinsa na ƙarshe ina cire shi, bai ƙara juyawa ba har yau. Na sake kunnawa da filashin, wannan karon na ɗauki ɗan ƙaramin sistem ɗin, na buɗe sabon faifai. Ga D nan zaune. Ga jakar da aka rubuta wa tafsiri. Na ƙirga da yatsa a kan allo, ashirin da tara. Ban buɗe ko ɗaya ba. Ba ni ya kamata in fara ji ba.

Da safe Alhaji ya zo, ya tsaya a bakin shago bai shigo ba.

"Malam, yaya?"

"Shigo ka zauna."

Na jona sifika, na danna na farko. Aka ji shuuu irin na tsohon kaset, da kukan zakara can nesa, sai wani tsoho ya yi gyaran murya sau biyu. Sannan wata siririyar murya ta saurayi ta ja baƙi, tana rawa kaɗan. Tsohon ya katse shi, ya ce a hankali, ba kora ake yi ba. Mutanen masallacin suka yi 'yar dariya.

Alhaji ya dafe bakinsa da hannu. "Ni ne wannan," ya ce. "Ni yake wa faɗa."

Mai sayar da caja na gaba da mu ya rage waƙarsa ba wanda ya ce masa. Maƙwabcina yana jingine da ƙofa, ya cire hular kansa yana murzawa. Ni kuwa na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata wanda ban san tun yaushe nake ɗauke da shi ba.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muna ɗanɗana farko da tsakiya da ƙarshe. Ashirin da takwas lafiya lau. Na goma sha bakwai ne ya kai tsakiya ya yi tsalle, kusan minti shida babu. Na ce masa wannan ya fi ƙarfina, kuma da na faɗa masa gaskiya tun farko da bai rasa ko wannan ba.

Ya sa na mayar baya kaɗan, ya saurara, ya rufe ido. Inda muryar ta yanke sai ya ɗora da bakinsa, da irin lafazin tsohon, har da inda yake jan numfashi.

"Shekara nawa ina jin sa," ya ce. "Wannan wurin ni zan cike musu."

Ban bar shi ya tafi haka ba. Na sa wa laftof ɗin sabon faifai, na zuba sistem daga filashin nan dai, na mayar da karatun. Sannan na kwashe ta ɗungurungum, sistem da komai, na ajiye a faifan waje, yadda ko gobe ta mutu za a juye ta ta dawo yadda take. Na ƙara juye karatun a filashi biyu.

"Wannan faifan kada ya kwana a jaka ɗaya da laftof. Wannan filashin a ɗakin Hajiyarka. Na biyun kuma, akwai wanda ya rage muku a Zariya?"

"Ƙanwata."

"A ba direba ya kai mata. In gida ɗaya suke duka, ba ka ajiye komai ba."

"Yau kuma ba a D za a sa ba?" ya ce, yana murmushi ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, ka rufa mini asiri."

Bayan tafiyarsa maƙwabcina ya shigo, ya ciro wani sabon filashi daga aljihu ya ajiye a teburina, yana kallon wani wuri daban.

"Haɗa mini matan nan huɗu."

"Wa zai karanta maka baƙin allon?"

"Kai mana, furofesa. Da salatif ɗinka."

Ranar ɗaya ga azumi, bayan la'asar, ina tasi a hanyar Mpape, baki ya bushe, gwiwa tana zugi, wayata ta yi ƙara. Alhaji ne. Na yi sallama bai amsa ba. Sai na ji hayaniyar yara, wata mata tana cewa ku yi shiru mana, sannan shuuu, da zakara, da tsohon yana gyaran murya. Na gane ya ajiye wayar ne kusa da sifika. Na manna ta a kunne, na wuce inda nake sauka ban sani ba, sai da na dawo da ƙafa.