Akushin da Gwaggo Ke Kaiwa Birni

Ƙamshin man shanu a kan tuwon dawa ya taso daga maƙwabta yau, sai na tuna Gwaggo, tsohuwar da ta koya mini addu'a a majami'armu ta zana a Sabon Gari.

Kowace Jumma'a takan rufe akushin tuwo da faifai ta nufi cikin birni. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Wata rana na bi ta, na gan ta durƙushe a zauren wani malami makaho. Na ce a raina lallai laya take karɓa.

"Gwaggo, mi ya kai ki can?"

"Ɗiyata, kin iya karatun Littafi. Saura ki iya jira."

Ban jira ba. Na kai ƙara gun dattawan majami'a, suka hana ta cin Jibin Ubangiji tare da masu bi. Ta koma zama a tabarmar baya har ta rasu.

Ubangiji ya ba ta hutu, ya gafarta mini gaggawata. Sai daga baya sosai na ji cewa malamin nan shi ya saye ta baiwa a kasuwa tana yarinya. Da ya makance kowa ya watse, ita kaɗai ke ciyar da shi.