Najiba Mai Yaji da Layin Mijinta

A Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, aka haifi Najiba, a nan ta yi aure, kuma in ta juya harshe zuwa Yarbanci sai ka rantse ba ta taɓa jin Hausa ba. Sana'arta yajin daddawa da dambun nama, daga cikin gida. Kwastomominta har Legas, don tana tallan kayanta a intanet da wata tsohuwar kwamfuta da yayanta Sharfuddeen, mai gyaran waya a unguwar Mokola, ya ba ta. Mijinta Babandi dillalin albasa ne a Kasuwar Bodija.

Wata shekara masu shingen hanya suka matsa wa motocin da ke sauko da kaya daga Arewa. Suka tsare motar Babandi har albasar ta ruɓe, suka karya wa direban hannu. A kasuwa kowa ya yi gunaguni, kowa ya koma rumfarsa. Najiba dai abin ya tsaya mata a wuya.

Ta hau keke mai ƙafa uku ta tafi shagon yayanta.

"Yaya, ina so in yi rubutu, amma kar a san ni ce."

Sharfuddeen ya liƙa mata wata 'yar manhaja da ake kira furoksi a jikin burauzar kwamfutar, wato abin da ake shiga intanet da shi. Ya ce in ta kunna ta, saƙonta zai fara zagayawa ta wata ƙasa kafin ya fito. Ya nuna mata a allo, sai ga shi an rubuta wai tana Jamus. Ta yi dariya har da tafa hannu.

Ta buɗe shafi da sunan Uwar Albasa. Direbobi suka riƙa turo hotuna da bidiyo, ita kuma tana sakawa da Hausa da Yarbanci da Turanci. Aka karanta, aka yaɗa. Wani shingen ma an ɗage shi na ɗan lokaci. Babandi bai san komai ba. Yakan dawo yana ba ta labarin Uwar Albasa, yana cewa Allah ya yi wa matar nan albarka, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana daka.

Ranar wata Talata da la'asar wasu maza biyu cikin kayan gida suka yi sallama a zaure. Suka gaisa da ladabi, suka ce Babandi suke nema. Da ya fito suka karanta masa lambar waya, suka tambaye shi ko tasa ce. Tasa ce. Tsohon layinsa ne da ya bar wa Najiba, da sunansa da hoton yatsunsa aka yi masa rajista, kuma da shi ta buɗe shafin.

Ta fito ko mayafi babu. "Ni ce! Wallahi ni na rubuta!"

"Madam, koma ciki," in ji ɗayan. "Mu sunan da aka ba mu muka sani."

Babandi ya dube ta, ya ce a hankali, "Shiga gida, Maman Murja." Suka tafi da shi da kwamfutar.

Ta ruga Mokola tana kuka. "Yaya, ba ka ce ina Jamus ba?"

Sharfuddeen ya dafe kai. Ya ce abin hanya yake ɓoyewa, ba ya ɓoye mai tafiya. Wataƙila ta layin aka bi. Wataƙila masu manhajar ne suka ajiye bayananta suka miƙa. Wataƙila wani direba aka matsa. Shi ma bai sani ba, kuma babu wanda za a tambaya.

Sai da dattawan unguwa suka yi ta zarya kafin a saki Babandi. Ya dawo ya rame, da sharaɗin ya riƙa kai kansa wurin hukuma duk wata. Bai taɓa yi mata faɗa ba, bai kuma taɓa faɗin abin da aka yi masa a can ba. Wannan shirun ya fi komai ci mata rai.

Har yanzu tana sayar da yajinta, amma ga 'yan unguwa kawai. In za ta yi magana da wata 'yar'uwarta a gida, sai ta kashe wayar ta kai ta ɗaya ɗakin, ko da yake ba ta san ko hakan na da amfani ba.

Kwanan baya matar wani direba ta shigo, ta sayi yaji, ta tsaya tana murza bakin hijabinta. Ta ce an kama mijinta a hanya, tana da bidiyon, an ce mata a gidan nan akwai mai iya taimakawa.

Najiba ta dubi ƙofa, ta dubi matar.

"Baiwar Allah, ban san abin da kike nufi ba."

Ta ƙara mata ƙulli ɗaya kyauta, ta raka ta har zaure, ta dawo ta zauna kusa da turmi.