Wutsiyar Kankana

Ranar wata Alhamis ce a watan Gani, shekarar da gero ya ƙone a tsaye, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba. Da hantsi Inna ta gama wanke 'yar tsabar da za mu ci, ta tsiyaye ƙasarin a ƙwarya, ta miƙo mini in kai wa jar akuyarmu kamar yadda na saba. Akuyar har ta miƙo wuya tana jan igiya, sai Baba ya fito daga ɗaki ya karɓe ƙwaryar daga hannuna. Ya zuba mata ɗan kaɗan a wata sakaina, sauran ya juye a gora ya toshe bakinsa da ɓawon kara. Inna tana tsaye goye da ƙanena. Ta dubi akuyar, ta dubi goran, sannan ta ce, "Malam, nonon akuyar ga shi yaron ga ka sha." Baba bai ɗago kai ba. Ya ce, "Na sani. Amma ba a hwahe gora ran tahiya." Ya miƙo mini goran ya ce in biyo shi kwari.

Ban fi shekara takwas ba a lokacin, kuma ni haushina kawai an hana akuyata abinta. Ƙauyenmu yana arewa da Ɗan Gulbi, a bakin wani kwari mai rairayi. Dakoron da kuke gani yau da kasuwarta da gidan kumandan, mai mulkin Nasara, a lokacin daji ne, sai barewa da makiyaya. Rijiya ɗaya gare mu, mai zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da saurare kafin ka ji ta taɓa ruwa. A shekarar nan ruwan kirki sau ɗaya ya sauka, daidai ranar da aka haifi ƙanena, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Anaruwa. Daga nan sama ta rufe. Da farko mata suna tsokanar Inna a bakin rijiya, wai ɗanta ya zo da ruwa ya kuma shanye abinsa. Da gero ya fara fitar da kai ya bushe, guga kuma ya fara dawowa da laka, ba wadda ta sake yin wannan wasan.

Mai gari ya tara maza ya yanka doka: kowane gida tulu biyu a yini, kuma ba a shayar da dabba a rijiya. Fulani suka kaɗa shanunsu kudu. Masu awaki suka yanka, wasu suka ba Buzaye a bakin ɗan hatsi. Mu ba mu iya rabuwa da tamu ba, don nonon Inna ya ƙafe. Mace mai cin 'ya'yan ƙarangiya da ganyen tafasa, da me za ta shayar? Anaruwa da nonon akuyar nan yake rayuwa, akuyar kuma da ƙasari da ruwan wanke-wanke take rayuwa. Wannan ragowar ruwan ne Baba ya ɗauke ya ce kankana zai ba.

Ba hauka ya yi ba, ko da yake haka maƙwabta suka ce. Baba mutum ne mai hangen nesa da taurin kai, kuma biyun ba sa rabuwa a jikinsa. Shi ya ga rijiyar ba za ta kai bazara ba. In ta mutu dole a tashi a nufi gulbin Maraɗi, tafiyar kwanaki ba rijiya mai ruwa a hanya. Ba a kuma isa a tashi yanzu ba, don 'yan hari suna tare hanya suna kama mutane su sayar. Maza sun shirya a jira lokacin ɗari, in ayarin Buzaye masu gishiri ya sauko daga arewa a bi bayansu. Gaba kura, baya sayaki. To ranar tafiyar, da wane ruwa za a cika salka, tunda na yini ma ba ya isa? Baba ya ce kankana ruwa ce da Allah Ya rufe da kansa, ba ta yoyo, ba ta tsami, in ka binne ta a rairayi sai ta yi watanni. Abin da ka zuba mata kaɗan-kaɗan yau, shi za ta tara maka.

Yadda ya yi aikin kuwa, wajen kakansa ya gani. Ya bi gida-gida ya roƙi tsofaffin tuluna da suka tsage ba a ɗiban ruwa da su. Ya nemi wuri mafi gangare a kwarin, inda in ka tona da hannu za ka ji rairayin da sanyi-sanyi, ya binne tulunan har wuya. Kowane tulu ya shuka iri kewaye da shi, ya rufe bakinsa da sakaina. Ba a zuba ruwa a ƙasa, rana za ta lashe shi nan take. A cikin tulun ake zubawa da yamma, shi kuma ya yi ta gumi a ƙarƙashin ƙasa, saiwa ta zo ta rungume shi. Muka kewaye wurin da ƙaya saboda dila da zomo. Taki kuwa kashin akuyar nan ne da aka hana wa ruwa, ni nake share shi da safe in kai a ƙoƙo.

Gidanmu ya zama ba a zubar da ko ɗigo. Baba ya daina alwala sai taimama. Wanka muka manta da shi. Ruwan da aka goge jikin Anaruwa da shi ma a gora yake ƙarewa. Ni ce mai kai goran kwari, ni ce mai gadi da rana, ni ce kuma mai ragewa. Da yaɗo ya yi fure ya fara 'ya'ya, Baba ya nuna mini in bar guda ɗaya tak a kowane yaɗo, sauran in tsinke da farce tun suna kamar ƙwan zabo, don ruwan ba zai ishe su duka ba. Waɗanda na tsinke Inna takan jefa a miya. Ɗaya na ɓoye na yi mata ido da ƙaya, na goya ta da tsumma. Akwai ƙawata Tabawa da takan zo mu yi 'yar carafke da ƙananan duwatsu a inuwar aduwa, muna rigima kan wa ta yi zamba. Daga baya muka daina jefa duwatsun, sai mu zauna kawai, don yunwa ba ta barin hannu ya cafe komai.

Nonon akuyar ya yi ta raguwa. Hantsarta da take cika ƙoƙo ta koma kamar jakar fata da aka zazzage. Anaruwa da ya fara dariya in na yi masa wasa da 'yar tsanata, ya daina. Kukansa ya koma siriri, tsakiyar kansa ta loɓa. Wata maƙwabciya takan ɗan ba shi mama in nata ɗan ya yi barci, amma ita ma abin bai taka kara ya karya ba. Da Inna ta matsa, Baba ya kai ni kwari ya nuna mini wani ɗan siririn zare mai murɗewa da ke fitowa daidai inda kankana ta kama yaɗo. A gidanmu wutsiya muke ce masa. Ya dawo ya faɗa a gaban Inna: "Ran da wutsiyar ga tab bushe, kankana ta ƙosa. Daga nan ba a ƙara mata ruwa, in an ƙara hwashewa takai. Ran nan ƙasari duk na akuya na."

Ni 'yar fari ce, kun kuwa san kunyar iyayenmu na da. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta hira da ni, ko aike za ta yi mini sai ta dubi wani wuri ta ce "ke". Amma tun daga ranar nan, kullum na dawo daga kwari sai in tarar da ita a bakin zana tana jirana. "Ke, ta bushe?" In ce, "Tana nan ɗanya, Inna." Ta juya ta shiga ɗaki. Na tsani wannan amsar har nakan yi ta jan ƙafa a hanya. A kwari kuma sai in durƙusa gaban kowace kankana ina murza wutsiyarta da yatsa, ina yi mata faɗa kamar mai ji.

Na ga Inna tana ɗaukar rabonta na ruwan sha tana kai wa akuyar a ɓoye, leɓenta duk ya tsage. Baba ma ya gani, sai ya riƙa tura wa Inna nasa yana cewa ya sha a bakin rijiya, alhali kowa ya san ba a sha a can. Sau ɗaya kawai na ji sun ɗaga murya. Inna ta ce a tsinke kankanar hakanan a daina zuba mata. Baba ya ce, "In na yanke ta yanzu hwara ta, ba ta ajiyuwa. Mu rasa yaro, mu rasa hanya." Inna ta ce, "Kai kana shuka ruwa cikin rairai, ni ina kallon ɗana shina bushewa." Ya tashi ya fita. Gaskiya a lokacin na ƙi Babana ƙwarai, ko kallonsa ba na son yi.

Ranar da na tarar wutsiyoyin sun yi ja sun bushe, da gudu na koma gida, har na bar goran a can. Baba ya je ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya ce haka ne. Ya cika alkawarinsa. Da yammar nan na kai wa akuyar ƙwarya cike, ta sha har cikinta ya fito. Inna ta durƙusa ta yi ta tatsa, abin da ya fito bai jiƙa gindin ƙoƙo ba. Nonon da ya daɗe da ƙafewa ba ya dawowa a yini ɗaya. Baba ya ɗauko kankanar farko ya tsaga, jawur da ita, ƙamshinta ya cika gidan. Inna ta matse tsokar a ƙyalle tana ɗiga wa Anaruwa a baki. Ya haɗiye, ya buɗe ido ya dube ta, har muka ce sauƙi ya samu. Kashegari da la'asar ya cika a cinyarta. Ruwan da aka yi masa wanka da shi ne kaɗai na ga an bari ya tsiyaye a ƙasa a shekarar nan.

Bayan 'yan kwanaki nonon akuyar ya dawo. Ni na tatsa da safe, na ga ƙoƙo yana cika har da kumfa, na rasa yadda zan yi da shi. Na kai wa Inna a ɗaki na tsaya. Ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Sannan ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Hadiza, sha." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar, ban kuma sake ji ba har ta bar duniya. Na sha, yana da ɗumi, ina sha ina kuka, kuma na shanye shi tas, don yunwa nake ji.

Rijiyar ta mutu kamar yadda Baba ya faɗa, tun ɗari bai wuce ba. Ayarin ya zo, muka tono kankanar daga rairayin da muka binne ta, wani Buzu ya ɗora mana a raƙuminsa a bakin 'yan kaɗan daga ciki. Tafiyar nan ba na son tuna ta. Akwai tsofaffi da yara da aka binne a gefen hanya, Tabawa na cikinsu. In rana ta take Baba yakan tsaga ɗaya, ya ba mu, ya miƙa wa na kusa, ya ce kowa ya tofa masa irin a tafin hannu. Ɓawon kuma akuyar ta ci. Inna ta ƙi karɓa da farko, tana tafiya tana layi. Sai da ta faɗi a kan gwiwoyinta sannan ta karɓa, ta juya mana baya ta ci. Mu uku muka isa gulbi da ƙafafunmu, da akuyar a bayanmu. Baba bai taɓa cewa "ai na faɗa muku" ba. Da muka koma gida ya ci gaba da binne tuluna kowace shekara har ƙarfinsa ya ƙare, amma ban sake ganin kankana a bakinsa ba.

Yanzu ga rijiyar siminti a ƙofar gida, yara suna watsa wa juna ruwa ba mai tsawata musu sai ni. Ranar kasuwar Dakoro kamyo, babbar motar kaya, yakan sauke kankana tuli guda, jikokina 'yan lakwal, wato makarantar boko, su yi ta ƙwanƙwasa suna gardamar wadda ta nuna, su ci rabi su yar da rabi. Suna dariya in sun ga na juya ta ina neman wutsiya, wai tsohuwa da fi'ili. Ba na kewar zamanin nan, wanda ya ce yana kewarsa bai gan shi ba. Muryar Inna kawai nake so in sake ji a bakin zana. Na haihu, na binne wasu, na yi shekarun da suka fi nasu, amma har yau ban iya raba gardamar Baba da Inna ba. Abin da na sani shi ne, rabon Anaruwa na sha na kawo yau.